Jinin uwa na iya ba ka ƙasa biyu?

Masu kallo sun daɗe da sanin cewa industirinmu ba ta san kan iyaka ba. Mawaƙiya Fati Nijar daga Maraɗi ta zo. Jaruma Hadiza Gabon kuwa a Libreville aka haife ta, amma mahaifiyarta 'yar Adamawa ce. Shin a idon doka fa, 'yan ina ne irin waɗannan?

Tambayar ta shafi samarin Gagarawa, Gumel da Sule Tankarkar, inda gidaje da dama ke da uwa ko kaka daga Dungas ko Magarya. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ma ba ka bambance Banijare da ɗan Nijeriya.

Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje ɗan Nijeriya ne muddin uba ko uwa ɗan ƙasa ne. Kaka ba ta wadatar sai ga wanda aka haifa a cikin gida. Sashe na 28 ya bar ɗan ƙasa na haihuwa ya riƙe wata ƙasar. Ita ma Nijar ta halatta zama ɗan ƙasa biyu a 2014, kuma uwa na gadar wa ɗanta.

To amma fa baki ba hujja ba ne. Tunda aka rufe boda a 2023, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, takarda ta ƙara daraja. Kafin ka tafi lokeshin Damagaram, lalubo takardar haihuwar Inna tukuna.