Yadda Hayaƙi Ke Shiga Ƙirjin Yaro

Wanda ya tsaya a bayan garin Tabla da magariba cikin watan Janairu, ya waiwayo ya dubi gari, zai ga abin da ido ya saba da shi har ya daina lura. Hayaƙin murhu ba ya tashi sama. Yana fitowa daga gidaje ya kwanta a kan ɗakuna da rumbuna kamar an shimfiɗa mayafi, ya gauraya da ƙurar da shanu suka tayar a hanyarsu ta komowa, ya zauna nan har dare ya raba. Dalili kuwa, iskar da ke ƙasa ta yi sanyi ta yi nauyi, wadda ke bisanta ta fi ta ɗumi, sai ta rufe ta kamar faifai a bakin ƙwarya. A kwari irin Dallol Bosso, inda Baleyara da Filinge suke, abin ya fi ƙarfi, domin sanyin dare gangarowa yake ya taru a kwari. Ka riƙe wannan hoton a zuciya, za mu komo gare shi.

Babu babbar masana'anta mai dogon bututun hayaƙi a Tabla. To me ya haɗa Bakurfaye, ɗan yankinmu na Kurfai, da maganar hayaƙin masana'antu? Yaranmu ba a gida kaɗai suke girma ba. Wasu suna bin iyaye ci-rani zuwa Yamai, wasu karatun allo ya kai su Sakkwato ko Kano, inda unguwanni irin Sharaɗa da Bompai da Challawa suke maƙwabtaka da masana'antu. Ƙasar Nijar ma tana sauyawa. Ana sarrafa siminti a Malbaza tun shekarun 1960, ana ƙona gawayin ƙasa a Anu Araren kusa da Cirozerin don samar da lantarki, matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a jihar Damagaram a 2011, an buɗe tashar wuta ta Gorou Banda a Yamai a 2017, an kuma daɗe ana maganar gawayin Salkadamna a jihar Tawa, maƙwabciyarmu ta gabas. Ina son ƙasata ta samu masana'antu, matasa su samu aiki a gida. Amma ina son mu san kuɗin da ƙirjin yaro yake biya, tun ba a kawo mana takardar bashin ba.

Mu fara da girman abin. Idan hasken rana ya shigo ɗaki ta ɓular kyaure, za ka ga ƙura tana yawo a cikinsa. Waɗannan da idonka ya kama su ne manya. Ana auna ƙurar iska da maikiromita, wato a ɗauki milimita ɗaya a kasa ta gida dubu. Kaurin gashin kai ya kai kimanin maikiromita 70. Ƙurar da ba ta wuce 10 ba ita ce masana ke kira PM10, wadda ba ta wuce 2.5 ba kuma PM2.5. Sai ka jera irin wannan ta biyun kusan talatin kafin su cika kaurin gashi ɗaya. Fasa dutse da niƙa shi yawanci manyan yake tayarwa. Ƙananan, daga wuta suka fi fitowa: gawayin ƙasa, baƙin mai, gazuwal, itace, tsohuwar taya, leda. Masana'antar siminti tana iya haɗa duka biyun, domin sai an fasa dutsen farar ƙasa an niƙe shi, sannan a gasa shi a tanderu mai zafin da ya kai digiri 1,450. Ban da ƙura akwai iskokin da ido ba ya gani. Mai da gawayin da ke ɗauke da farar wuta suna fitar da wata iska mai harbin maƙogwaro, zafin inji kuma yana haifar da wata daga naitirojin, mai sa hanyoyin numfashi kumburi.

Yanzu mu bi ƙurar nan cikin jiki. Hanci ne ƙofar farko, yana da gashi da majina masu kama manya. Shi ya sa wanda ya wuni a kasuwar Baleyara ran Lahadi, cikin ƙurar dabbobi da motoci, in ya fyace zai ga majinarsa ta yi ja ko baƙi. Hancinsa aikinsa ya yi. Abin da ya tsallake sai ya gangara maƙogwaro. Daga nan hanyar ta rabu biyu, kowace ta sake rabuwa, haka-haka har sau ashirin da wani abu, kamar bishiyar gawo da aka kifa kanta ƙasa. Bangon waɗannan rassa yana shafe da majina, a ƙarƙashinta akwai ƙananan gashi da ke kaɗawa sama dare da rana, suna share datti zuwa maƙoshi don a tofar ko a haɗiye. Tari taimakon wannan shara yake yi.

A ƙarshen rassan akwai ƴan jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi a huhun babba. Bangonsu ya fi fatar albasa sirantaka nesa ba kusa ba, ta nan ne iskar oksijin take ratsawa ta shiga jini. A nan babu tsintsiya. Masu gadin wurin wasu ƙwayoyin jiki ne da ke haɗiye duk baƙon da ya iso. PM2.5 har nan take kaiwa. Idan ta zo jefi-jefi, masu gadi sun ishe ta. Idan kullum ne, sai su cika su gaji, wurin ya kumbura, gashin sharar da ke sama kuma hayaƙi ya kashe musu kuzari. Ranar da ƙwayar cuta ta gaske ta iso, sai ta tarar da gida ba mai tsaro. Hayaƙi ba shi ne ƙwayar namoniya, wato ciwon huhu, ba, ƙofa yake buɗe mata.

Me ya sa yaro ya fi cutuwa, alhali iska ɗaya yake shaƙa da ubansa? Babba a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, jariri kuwa yakan ninka haka har ya zarce, don haka in an kwatanta da nauyin jikinsa, iskar da yake ja ta fi yawa. Gajere ne, hancinsa yana daidai da salansar mota da ƙurar da taya ta tayar. Yana gudu baki buɗe, ƙura ta wuce ba ta bi ta rariyar hanci ba. Hanyoyin numfashinsa kuma sirara ne. Laka kaɗan a cikin babban bututun ruwa ba ta hana ruwa gudu, amma wannan lakar a cikin karan alkama toshe shi za ta yi. Kumburin da babba zai ji kamar kaikayin maƙogwaro, shi ne yake sa ƙirjin ɗan wata takwas yin fito.

Abin da ya fi damuna shi ne huhun yaro gini ne da ba a gama ba. Mafi yawan jakunkunan iskar nan bayan haihuwa suke tsirowa, musamman a shekarun farko, huhu kuma yana ci gaba da girma har kusan shekara ashirin. A kudancin Kalifoniya ta Amurka an bi yara fiye da 1,700 a garuruwa goma sha biyu, daga shekara 10 zuwa 18, ana auna ƙarfin hurawarsu kowace shekara. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna cewa a garuruwan da ƙura ta fi yawa, matasan da huhunsu ya gaza ƙarfin da ya kamata sun kusa ninka na garuruwa masu tsabtar iska sau biyar. Yawancinsu ba su kwanta ciwo ba. Sun dai shiga balaga da ƙaramin rumbu, da shi kuma za su yi tsufa. A 2015 masu binciken suka sake fitar da rahoto: da iskar yankin ta gyaru, huhun yaran da suka taso daga baya ya fi girma da kyau.

Wani zai ce ai yaran unguwannin masana'antu talakawa ne, ƙila yunwa ce da cunkoso. Tambaya ce mai kyau, kuma wani kwari a jihar Yuta ta Amurka ya amsa ta. A can akwai masana'antar ƙarafa mai suna Geneva Steel. Rikicin ma'aikata ya sa ta tsaya daga Agustan 1986 zuwa Satumban 1987. Wani malamin jami'a, Arden Pope, ya je ya duba kundin asibitocin yankin, ya buga abin da ya gano a 1989. A lokutan sanyin da masana'antar ke aiki, yaran da aka kwantar saboda ciwon ƙirji sun ninka na lokacin da take rufe sau biyu zuwa uku. Mutanen dai su ne, gidajensu da abincinsu ba su sauya ba, bututun kawai ya huta. Wurin kwari ne, kuma a lokacin sanyi iska tana rufe shi kamar yadda take rufe Tabla da magariba. Inda aka kafa bututu, da inda iska ke kai hayaƙinsa, suna da nauyi kamar yawan abin da yake fitarwa.

Yaron Kurfai kuwa ba da ƙirji mai hutu zai tarbi sabon hayaƙi ba. Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu yana kwaso ƙura daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta hana ganin rana kwana da kwanaki. A gida ga murhun itace da kara da kashin shanu, jariri kuma yana goye a bayan uwa tana sunkuye tana hura wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da ciwon huhu ke kashewa, hayaƙin girki na da hannu a mutuwarsu. Sannan ga ƴar masana'antar da kowane ƙauye yake da ita, injin niƙa. Ka leƙa rumfar da hantsi. Injin gazuwal yana ruri, salansarsa tana tofar da baƙin hayaƙi daidai tsayin gwiwar babba, garin hatsi ya yi wa mai injin fari har gira, ƴan mata sun jera ƙore suna jira, rabinsu da ƙanne a baya. Yarinya takan yi awa guda a nan. Da za a ƙara wa salansar bututu ya fita ta bisan rufi, a sa masu jira su zauna ta inda iska ke fitowa, da an rage abu mai yawa da kuɗin da bai kai na buhun hatsi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa namoniya ta kashe yara ƙanana kimanin 740,000 a duniya a 2019. Galibinsu da sun tsira in da an gane da wuri, ganewar kuma ba ta buƙatar na'ura. Idan yaro yana tari, a jira ya natsu, ba yana kuka ko shan nono ba. A ɗaga rigarsa, a kunna agogon salula, a ƙirga tashin cikinsa minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata biyu ba, sau 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa goma sha ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. A duba ƙasan haƙarƙarinsa: in yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ciwon ya yi nisa. In ya ƙi nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, ba a kwana da shi a gida. A Nijar tun 2006 hukuma ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, maganin farko kuma, amoksisilin, yana cikin waɗanda aka tanadar wa ƙananan asibitocin karkara. Ina roƙon iyayenmu mata da kakanni abu guda: kada a yi wa mai tari turare ko hayaƙin magani a lulluɓe shi da zane. Niyyar alheri ce, amma ƙirjin da ya kumbura hayaƙi ƙara shaƙe shi yake. Yaron da fito ke taso masa da dare yana komowa, ko in ya yi gudu, a kai shi a duba ko fuka ce, domin tana da maganin shaƙa mai buɗe ƙirji cikin mintoci.

Sauran magana ta masu gari ce da hukumomin gunduma. Dokar Nijar ta 14 ga Mayun 2018 ta wajabta a binciki tasirin babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a kuma ji ta bakin jama'ar wurin. Tun ran gini ran zane. Ranar da aka tara mutane a ƙofar fada, maganar diyyar gona da ɗaukar ma'aikata za ta cinye zaman, kuma haƙƙi ne a yi ta. Amma wani ya miƙe ya tambayi ta ina za a kafa bututun. Da hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma, don haka makaranta ko asibitin da ya faɗa kan wannan layin zai sha hayaƙi wata da watanni. A tambayi wane irin mataci za a sa wa bututun, wa zai duba ko ana kunna shi da dare, ko za a riƙa yayyafa wa hanyar manyan motoci ruwa. A nemi a auna iska a kafe sakamakon inda kowa zai gani, kusa da ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021: kada PM2.5 ta wuce maikirogiram 5 a kowace mita kubik ta iska a matsakaicin shekara, ko 15 a yini guda. A kuma roƙi ma'aikacin asibitin gari ya adana kundinsa na yaran da suka zo da tari da saurin numfashi, wata bayan wata, tun daga bana, domin da irin wannan kundin Pope ya yi lissafinsa.