Shawara ba iri ɗaya ba ce

Idan idon mutum ya koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja kamar shayi, sai a ce shawara ta kama shi, a nufi wurin mai saiwoyi. Alhali kuwa ƙwayoyin cuta biyar ne likitoci suka sani masu kama hanta: A, B, C, D da E. Hanyarsu ba ɗaya ba ce, haɗarinsu ma haka.

A da E ta baki suke shiga, cikin ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Sukan kwantar da mutum ƴan makonni, sa'an nan galibi su wuce. Amma E ba ta da sauƙi ga mace mai ciki: a annobar da ta ɓarke a jihar Diffa cikin 2017, masu juna biyu ne suka fi rasa rayukansu.

B ita ce babbar matsalarmu, domin sau da yawa ba ta nuna kanta. Ta jini take bi, da saduwar namiji da mace, da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Askar wanzami guda da ta zagaya kawuna goma a kasuwa, ƙaho, tsaga, allurar da aka maimaita, duk ƙofofinta ne. Babban mutum in ya kamu, yawanci jikinsa yakan kore ta. Jariri kuwa, tara cikin goma sukan riƙe ta har girma. Sai magidanci ya kai shekara 40, yana tsakiyar kasuwancinsa ko aikinsa na gwamnati, a tarar hanta ta ƙandare ko ciwon daji ya kama ta. Akwai allurar rigakafinta, kuma ta fi amfani in an yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. Ga wanda ya riga ya kamu, magani irin su tenofovir yana danne ta, ko da yake bai cika raba shi da ita ba. Ya kamata a sani kuma, cin tuwo a kwano ɗaya ba ya yaɗa ta. Ware wa mai ita kwanonsa zalunci ne kawai.

C, wadda aka gano a 1989, ta jini take bi ita ma. Ba ta da rigakafi, amma ƙwayoyin sha na mako 8 zuwa 12 suna warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari. D ba ta kama kowa sai mai B.

Launin ido ba ya bambanta su. Awon jini ne kaɗai ke faɗin wadda mutum ke ɗauke da ita, ko da yana jin kansa garau.