Shin Taswirar Ƙananan Hukumomi Zanen Dutse Ce?

Idan Bature yana so ya ce doka ta zaunu ba mai taɓa ta, sai ya ce an sassaƙa ta a kan dutse. Mu ma muna da irin wannan. Hali zanen dutse, in ji magabata, ba mai kankare shi. Haka mutane da yawa suke kallon iyakokin ƙananan hukumomi, kamar da su aka halicci ƙasar.

Dattijon garin Bilbis da ke Tsafe ya san ba haka ba ne. Ya kwana ɗan Jihar Sakkwato, ya wayi gari ranar 1 ga Oktoba, 1996 ɗan Zamfara, Gusau ta zama babban birninsa. Sanarwar Janar Sani Abacha kawai ta yi wannan aiki.

Tun da farar hula suka karɓi mulki a 1999 ƙofar canza taswirar ta yi nauyi. Sunayen ƙananan hukumomi 774, har da Tsafe da Bunguɗu da sauran 12 na Zamfara, suna rubuce cikin kundin tsarin mulki. A ce mutanen Bilbis suna son tasu ƙaramar hukumar. Sashe na 8 ya ce sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin sun sa hannu, a yi ƙuri'ar raba gardama, kansilolin jihar su yarda, majalisar dokoki ta Gusau ta amince. Duk da haka ba a gama ba, sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunan cikin kundin. Legas ta gwada a 2003 da sababbi 37. Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumominta, Kotun Ƙoli ta ce riƙewar haramun ce, amma ta ce sababbin ba su cika ba tukuna. Har yau ba su shiga kundin ba.

Amma kundin yana gyaruwa idan Majalisar Tarayya da majalisun jihohi 24 suka yarda. A 2018 an rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25.

Ni ina ganin tsaurin yana da amfani, domin ba don shi ba kowane gwamna zai yanka wa 'yan gaban goshinsa ƙaramar hukuma. Abin da ke ci mini rai shi ne, manomin da ke neman asibiti da tsaro kusa da gonarsa, da shi da ɗan siyasar da ke neman kujera, ƙofa ɗaya aka rufe musu.