Zawon Yara A Dogo Tebo: Uwa Ce Likitar Farko

A unguwar Dogo Tebo ta garin Potiskum, kamar sauran wurare a Arewa, idan zawo ya kama yaro uwa ce ke fara gani, kuma ita ce ke yanke shawarar ko abin na gida ne ko na asibiti.

Abin da ya fi ɓatar da iyaye mata shi ne zancen haƙori. Da yaro ya kai wata shida ya fara zawo sai a ce ai haƙori ne, a zuba masa ido. Alhali kuwa lokacin nan ne yake rarrafe yana kai kome baki, kuma ake fara ba shi kunu da ruwan randa. Sai kuma maɗiga. In ta faɗa akan shafa mata magani a ka, ba a san ruwan jiki ne ya ƙare ba. Wannan ƙarewar ruwa kuwa ita ce ta fi kashe yaran. Wasu ma har sukan rage wa yaro nono don cikinsa ya huta, watau a ƙara masa yunwa a kan ciwo.

Maganin ba mai tsada ba ne. A 1971 Likita Dilip Mahalanabis ya shayar da masu kwalara ruwan gishiri da sukari a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, ƙasar Indiya, mace-mace suka sauko daga kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. A Nijeriya, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, daga 1985, aka baza wannan koyarwa ta rediyo da ɗakunan shan magani. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a zuba ƙunshin garin ORS guda cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zubar da ragowar bayan awa 24, a haɗa da ƙwayar zinc har kwana 10 zuwa 14. A 2022 kuma aka sa rigakafin ƙwayar cutar rota cikin na yaran ƙasar nan.

Sai dai har yanzu akan garzaya kemis a sayo Flagyl, wanda ba ya mayar da ruwan da ya zube. In an ga jini a kashi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idanu sun zurma, ko yaro ya kasa kama nono, lalle ne a nufi Babban Asibitin Potiskum, ana ɗura masa ruwan kaɗan-kaɗan da cokali a hanya.