Hutun Makaranta: Mu Tayar da Kekunan da Suka Kwanta a Zaurukanmu

  Yau ba girki za mu yi ba, ba kuma ɗinki ba. Zancen keke na kawo muku. Na san wata za ta ce, "Ina ruwan mace da keke?" To, Uwargida, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, sa'an nan ki yanke hukunci.

A hutun watan Disamba da ya wuce na je gida Haɗejiya ganin dangi, daga can na zarce wani ƙauye na bakin fadama inda yayana yake noman shinkafa da tattasai. Yana da 'ya da ke aji biyu na ƙaramar sakandare, yarinya mai ƙoƙari ƙwarai. Da na karɓi takardar sakamakonta na duba, sai na ga malaminsu ya rubuta cewa fashinta ya yi yawa, ran da ta zo kuma a makare take zuwa. Na tambaye ta dalili, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Goggo, tafiyar ce da nisa. In Baba ba shi da kuɗin acaɓa, sai na taka, kafin na isa an gama darasi na farko." Tsakanin gidansu da makarantar ya kai kilomita 6.

Wannan kuka ba nata ne ita kaɗai ba. Tun shirin ilimin firamare kyauta na 1976, har zuwa dokar 2004 wadda ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, ana ta gina makarantu. Amma sakandare ba kowane ƙauye ke da ita ba. A ƙasar Auyo da Guri da Kirikasamma da Kafin Hausa, yara da yawa sai sun bar garinsu sun tafi wani kafin su sami aji. Ga shi kuma tun ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin acaɓa da na mota suka bi ta. In kuɗin maigida bai isa a tura yara duka ba, kun san wadda ake cewa ta zauna ta taya aikin gida. 'Ya mace ce.

Abin da ya ba ni haushi shi ne, a zauren gidan nan akwai keke jingine, tsohon Rali na marigayi mahaifinmu. Ruwan ambaliyar 2022 ya shiga gidan ya kwana a kansa, sarƙa ta yi tsatsa, tayoyi suka saɓe, tun daga nan ba wanda ya sake waiwayarsa sai kaji. Alhali mai tafiya da ƙafa kilomita 5 yake ci a awa guda, mai keke kuwa yana cin ninki biyu ko uku na wannan ba tare da ya wahala ba. Watau tafiyar da ke cin wa yarinyar nan fiye da awa ɗaya, da keke kamar rabin awa za ta ci.

YADDA AKA FARA

Akwai wani dattijo mai gyaran keke da ke zama ƙarƙashin maina a bakin hanya, shekarunsa sun ja, idonsa ma ya fara rauni. Na sa ƙanen yarinyar ya tura keken muka kai masa. Ya duba ya ce ƙarfen lafiyayye ne, kayan da ake so kaɗan ne. Muna cikin magana sai na lura da samari 'yan makaranta zaune a gefe suna ta hira, hutu ya same su ba abin yi. Na ce, "Baba, da za ka koya wa yaran nan, ai da sun rage maka aiki." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ni ai hannu nake nema. Duk gidan da ke da mataccen keke a kawo. In na ɗan makaranta ne ba zan karɓi ladan aiki ba har a koma, su dai iyaye su sayi kayan gyara."

Haka aka yi. Kowace safiya, bayan yara sun dawo daga makarantar allo, sai su taru a gindin mainar nan. Wani na kwance ƙafa, wani na wanke sarƙa, wani na riƙe da famfo, dattijo na zaune kan benci yana nuna musu da baki. Kafin hutu ya ƙare, kekunan da suka tashi sun fi goma.

Ban yi mamaki ba, domin mutanen ƙasar Haɗejiya sun san gayya. Duk shekarar da kogi ya kawo, kamar 2020 da 2022, samari kan fito dare da rana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaura jinga don kada ruwa ya ci gari, ba wanda ke biyansu. Wanda ya iya gayyar tare kogi, gayyar gyaran keke ba za ta gagare shi ba.

A WASU ƘASASHE

A Amurka da Ingila akwai shagunan gyaran keke na jama'a, inda mutane kan je bayan sun tashi daga aiki su yi gyara kyauta. Lokacin hutun Kirsimeti wasunsu kan tara kekunan da yaran masu hali suka girme wa, a gyara, a raba wa 'ya'yan marasa ƙarfi. Wata ƙungiya a birnin Chicago mai suna Working Bikes, wadda aka kafa a 1999, har kekunan da ta tara takan aiko ƙasashen Afirka. A Gana kuma, tun 1999 ɗin, akwai shirin Village Bicycle Project da ke bin ƙauyuka yana koya wa mutane gyara, yana kuma koya wa mata da 'yan mata hawa.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na jihar Bihar ta ƙasar Indiya, ƙasar manoma mai fama da ambaliya kamar tamu. A 2006 gwamnatin jihar ta fara ba kowace yarinya da ta shiga aji tara kuɗin sayen keke. Masana biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, suka bi diddigin shirin, suka buga sakamakonsu a 2017. Sun gano cewa shigar 'yan mata sakandare ta ƙaru da kashi 32 cikin 100, kuma amfanin ya fi fitowa a ƙauyukan da ke nesa da makaranta. Mu ba mu jira gwamnati ta raba mana ba tukuna, amma kekunan da ke kwance a zaurukanmu sun isa a fara da su.

INA RABON UWARGIDA?

Kada ki ce tunda ba ki fita ba ki da hannu a ciki. A ƙauyen nan, rabin aikin daga cikin gida ya fito. Mata ne suka san gidan da ke da keke a jingine, su ne suka lallashi mazajensu aka fitar. Wasu matan da ke adashi tare suka ware wani abu daga kwasar mako guda, aka sayi tub da robar birki ga marayu biyu da ba mai saya musu. Wata ta dama kunun tsamiya kullum ta aika wa masu aiki, wata ta tattara tsummoki da tsohon buroshin haƙori na wanke sarƙa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai maganar 'yan mata. Yayana da fari ya ƙi. Ya ce 'yarsa ba za ta je ta zauna cikin samari a bakin hanya ba, kuma me mutane za su ce in suka ga budurwa a kan keke? Ban yi gardama da shi ba, domin maganarsa ta farko tana kan hanya. Sai na ce, "Yaya, in dattijon ya zo nan zaure da la'asar, kana nan, ya koya musu fa?" Game da ta biyun kuma na tambaye shi wanne ya fi: ta hau bayan ɗan acaɓan da bai sani ba, ko ta bi hanya ita kaɗai da ƙafa awa guda, ko kuwa ta tafi a kan keken kakanta tare da ƙawayenta? Na kuma gaya masa cewa a Maiduguri, tun da aka hana babur a 2011, keke ya yawaita, har 'yan mata da hijabinsu suna hawa zuwa makaranta. Ya yi shiru. Bayan kwana biyu ya ce a gwada.

'Yan mata huɗu suka koyi faci a zauren nan. Gaskiya ba duka aka dace ba. Mahaifin ɗaya daga cikinsu ya yarda ta koyi gyara amma bai yarda ta hau ba, ba kuwa wanda ya tsananta masa. Yanzu ƙanenta ke goya ta a kariya su tafi tare, in taya ta sace a hanya ita ke sauka ta gyara. Ko banza ta daina makara.

GA YADDA AKE FACI

'Yan makaranta, ku yanke wannan ku ajiye. Ƙasarmu ƙasar ƙaya ce, tsidau da aduwa da bagaruwa ba su barin taya lafiya, saboda haka faci shi ne karatun farko.

Ki kifa keken ya tsaya kan sirdi da kai. Ki kwance bawul, ki sa bayan cokali biyu ki ɓanɓaro gefe ɗaya na taya. Kada ki sa sukudireba, yakan ƙara huda tub. Ki zaro tub ɗin, ki ba shi iska kaɗan, ki riƙa tsoma shi cikin kwanon ruwa sashe-sashe. Inda kika ga kumfa na tasowa, nan ne hujin. Ki yi alama, ki goge ya bushe sarai, ki kankare wurin da samfefa. Sa'an nan ki shafa sholisho kaɗan, ki jira kamar minti 5 har ya daina sheƙi. Gaggawa a nan ita ke ɓata aiki, in kika manna yana ɗanye facin zai ɗago. Ki ɗora faci ki danne da ƙarfi. Kafin ki mayar, ki bi cikin tayar da yatsa a hankali ki ciro ƙayar, in ba haka ba za ta sake hudawa nan take.

Sarƙa kuma, da damina laka ke cinta, da rani rairayi. A wanke ta da kananzir, a goge, a ɗiga mata man inji kaɗan. Kada a sa man gyaɗa, yakan yi danƙo ya kama ƙura. A kula kada mai ya taɓa robar birki, domin birki ba zai kama ba. Keken da ruwan ambaliya ya taɓa, a kai wa mai gyara ya buɗe ya sake boris da giris, ko da ana ganin yana tafiya.

Gargaɗi ga iyaye mata: sholisho ya zauna a hannunku, a cikin akwati. Kun san wasu yara kan shaƙe shi don maye, yana kuwa lalata ƙwaƙwalwa. A fito da shi lokacin aiki, a yi a fili inda iska ke kaɗawa, a mayar miki da an gama.

Ke kuma mai hawa, ki sa wando a ƙarƙashin kayan makaranta, ki tattare hijabinki kada bakinsa ya shiga ƙafar baya ya fizge ki. In an sami keken mata marar sanda ya fi sauƙin hawa. Ki bi gefen dama na titi, ku tafi ku biyu ko uku, ki gwada birki kafin ki fita, ki kuma dawo gida kafin magariba.

ABIN DA YA RAGE

Wani hutun na nan tafe. Uwargida, ki leƙa zaure ko bayan rumbu, in akwai keke a kwance ki yi wa maigida magana cikin ladabi da dabara irin tamu. Ku nemi mai gyaran unguwarku, ku girmama shi, kada ku ɗora masa abin da zai kashe masa sana'a. Kyautar ta tsaya ga kekunan 'yan makaranta kawai, sauran jama'a su biya shi haƙƙinsa. In keken ya fi ƙarfin 'ya'yanki ko sun gama makaranta, akwai marayu a maƙwabta.

Makon jiya 'yar yayana ta kira ni a wayar mahaifiyarta. Ta ce tun da aka koma sau ɗaya ta makara, shi ma taya ce ta sace mata a kan hanya. Na ce to, wa ya gyara miki? Ta ce, "Haba Goggo, ni mana. Har na yi wa wani ɗan ajinmu nasa."

Duk wadda aka yi irin wannan gayya a garinsu, ta rubuto wa wannan fili mu ji yadda suka yi, domin wasu su koya. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, amin. Sai mun sake saduwa.