Gado ko Takalmi: Me Ke Karkatar da Babban Yatsan Ƙafa?

A masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai, da na jimar fata a Challawa, ma'aikata da yawa a tsaye suke wuni, ƙafafunsu cikin takalmin kariya mai bakin ƙarfe. In an tashi aiki sun cire, za ka ga wasu babban yatsansu ya karkata ya jingina da na kusa da shi, gindinsa ya yi ƙullutu. Likitoci na kiran wannan matsala "baniyan".

Ƙullutun ba ƙari ba ne. Ƙashin da ke bayan yatsan ne ya goce gefe, gaɓar ta turo. Sai wurin ya riƙa gogar takalmi, ya yi ja, ya kumbura, tafiya ta koma azaba.

Babban tushen abin gado ne. Duba ƙafar mahaifiyarka ko ta kakarka: in akwai shi a gida, kai ma sai ka kula. Masu shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa da masu amosanin gaɓɓai sun fi shiga haɗari, kuma ya fi kama mata. Yana iya farawa tun mutum yana sakandare.

Takalmi kuwa shi ke ingiza matsalar. Mai tsukakken baki yana matse yatsu wuri ɗaya, mai tsini kuma yana jibga nauyin jiki a gaban ƙafa. In aka haɗa da doguwar tsayuwa, ciwon sai ya ƙaru.

Ba ka da iko a kan gado, amma zaɓin takalmi yana hannunka. Ƙafarka tana girma har yanzu, don haka takalmin makarantar bara ba lallai ya yi maka bana ba. Gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Sa duka ƙafa biyun, ka miƙe tsaye, ka bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba. 'Yan mata, kada kwalliyar Sallah ta sa ku jure wa matsi. In ka samu aiki a kamfani, nemi takalmin kariya daidai ƙafarka, ba wanda ya rage a sito ba.

Faffaɗan takalmi yana rage ciwo, amma in ƙashi ya riga ya goce, tiyata ce kawai ke daidaita shi. Da ka ga yatsanka ya fara karkata, gaya wa iyayenka su kai ka asibiti. A nan Kano muna da Asibitin Ƙashi na Dala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.