KOGUNAN YANKARI: LOKESHIN ƊIN DA 'YAN FIM SU KA MANTA DA SHI

Daga Wakilin mu a Kaduna

Gardama ce ta jawo tafiyar. Mu na zaune a majalisar mu a Unguwar Sarki, sai abokin mu mai ɗaukar hoto ya ce shi fa ya gaji da ɗaukar falo, kujera ɗaya, labule ɗaya, daga nan sai lambun otal a yi waƙa. Furodusan da ke cikin mu ya ce, "To Malam, ina ka ke so a je? Indiya?" Aka yi dariya. Shi kuwa ya ce ba sai an je Indiya ba, a ba shi kwana biyu kawai ya nuna mana.

Ranar wata Juma'a a ƙarshen Janairun 2025, bayan an sauko daga masallaci, mu biyar mu ka cusa kan mu a mota ɗaya tare da tanti biyu na aro, barguna, tukunya, taliya da kyamara. Daga Kawo mu ka kama hanyar Zariya, mu ka karya a Mararrabar Jos, sai Pambeguwa, sai Saminaka. Taya ta fashe mana kafin Jingir, saboda haka a Jos mu ka kwana, don babu mai son tafiyar dare a wannan zamani. Sanyin Jos kuwa ba sai na faɗa maku ba.

Da safe mu ka tsaya a Bauci, mu ka ziyarci kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. A nan daraktan mu, wanda ba shi da yawan magana, ya tuna mana cewa littafin marigayin, Shaihu Umar, shi ne Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, shekaru 14 kafin a yi Turmin Danya a Kano a 1990. Ya ce mu riƙe wannan a ran mu.

Daga Bauci an bi hanyar Gombe zuwa Dindima, a karya zuwa ƙofar Yankari da ke Mainamaji, sannan a ƙara tafiya mai ɗan nisa cikin daji kafin sansanin Wikki. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, ya koma hannun Jihar Bauci a 2006. Faɗin sa ya haura murabba'in kilomita 2,200.

Kowa ya san Yankari da giwaye da ruwan ɗumi na Wikki, wanda zafin sa ba ya wuce digiri 31 rani da damina. Mun yi wanka, ba ƙarya akwai daɗi. Amma ba shi ya kawo mu ba.

Kogunan da ake kira Marshall su ne maganar. Guda 59 ne, an sassaƙa su da hannu a jikin dutsen yashi, kuma sunan wani Bature, P.J. Marshall, wanda ya bayyana su a 1980, shi ya bi su. Ba a zuwa sai da ɗan rakiya. Ƙofar kowanne zagayayya ce, 'yar ƙarama, sai ka yi rarrafe za ka shiga. Furodusan mu, da ya ke Allah ya hore masa tumbi, ya tsaya a waje ya ce shi zai riƙe mana takalma. Da ka shiga sai wurin ya buɗe kamar ɗan ɗaki, duhu, ga warin jemage, ga wani irin shiru da za ka riƙa jin numfashin ka. A jikin wasu akwai zane-zanen layuka da aka yi tun da. Masana na ganin mutane sun fake a ciki ne lokacin yaƙe-yaƙe da farautar bayi.

A nan na gane abin da darakta ya ke nufi. Labarin Shaihu Umar ai labarin yaron da aka sace ne aka sayar, uwar sa ta bi sawun sa har hamada. Ga ɗakunan da iyaye mata su ka toshe bakin 'ya'yan su don kada mahara su ji kuka, su na nan yadda su ke, ba sai an gina ba, ba sai an yi fenti ba. Mai ɗaukar hoton mu ya kwanta rub-da-ciki ya ɗauki hasken da ke shigowa ta ƙofar, ya nuna mana a kyamara. Babu wanda ya ce uffan.

Da dare mu ka kafa tanti inda ma'aikata su ka nuna mana, aka dafa taliya, aka dasa sabuwar gardama. Burodin karin kumallo dai tun da yamma wani gwaggon biri ya fizge shi daga kan mota, ya hau bishiya ya na ci ya na kallon mu.

Furodusa ya kawo hujjar sa, kuma gaskiya ba ta banza ba ce. Ya ce mu biyar ne mu ka zo, ku lissafa man da mu ka sha tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. To ina ga mutum 30, da janareto, da fitilu, da abinci, da masauki na mako biyu? Ga shi yanzu kasuwar ta koma fim mai dogon zango a YouTube, duk mako sai ka saki kashi ɗaya, in ka makara 'yan kallo su koma wani. Ya ƙara da batun tsaro: tun harin da aka kai Kajuru a Afrilun 2019, wace jaruma ce iyayen ta za su bar ta kwanan daji?

Ni dai a gani na rabin maganar sa ce gaskiya. Tsada akwai ta, tsoro akwai shi. Amma ko lokacin kaset, sa'ad da hanya ke lafiya lau, mai kuma ya na araha, Tiga da Gamji Gate kawai aka sani, su ma don rawa. A 2021 fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya fito a Netflix, mu ka yi ta ƙorafin an ɓata mana tarihi, alhali Turunku na nan a Ƙaramar Hukumar Igabi, ƙasa da awa biyu daga inda mu ke shan shayi.

Mun baro Wikki da hantsin Lahadi ba mu ga giwa ko ɗaya ba, sai kashin ta a hanya. Wajen Toro, furodusa, wanda mu ke zaton barci ya ke yi, ya ɗago kai ya tambayi darakta: in mutum 8 ne kawai, kwana 4, babu waƙa, nawa zai ci? Darakta ya ciro biro, ya fara lissafi a bayan takardar shiga dajin.